Yadda Ake Sa wa Tsohon Babur Sigina

Duk wanda ya san Wudil ya san yadda hanya ke cika ranar Juma'a, ranar cin kasuwar shanu ta Kara. Manyan motoci daga Kano da Maiduguri suna ta ƙetare gada, babura suna kutsawa a tsakaninsu. A cikin baburan nan har yanzu akan ga tsofaffin Vespa irin na dattawa, waɗanda da yawansu suka fito daga Italiya ba su da fitilar sigina. Mai irin wannan babur idan zai karya kwana sai ya miƙa hannu.

To, miƙa hannu yana da matsala. Totur da birkin gaba suna hannun dama, kuloci da giya suna hannun hagu. Duk wanda mutum ya ɗaga, ya saki abin da yake bukata a daidai lokacin da zai juya. Da dare kuwa ba mai ganin hannun. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, saboda haka mai juyawa hagu dole ya yanke gaban motocin da ke tahowa. A ganina wannan ne wurin da ya fi hatsari.

A hutun da ya wuce na zauna wurin mai wayarin yana sa wa Vespa ɗin kawuna sigina, ina miƙa masa kaya. Abubuwan ba su da yawa: fitilu huɗu masu launin ruwan goro, makunni a kan hannun babur, fis, waya, da wani ɗan abu mai girman akwatin ashana da ake kira filasha.

Amma kafin ya taɓa ko ɗaya, sai da ya duba wutar babur ɗin, don a nan aikin yake. Tsofaffin babura yawanci bolt 6 ne, na yanzu kuwa 12. Idan ka sa ƙwan 12 a kan wutar 6, hasken zai zama kamar na aci-bal-bal. Bugu da ƙari, na kawu ba shi da batir, injin ne ke ba fitila wuta kai tsaye. Da an sassauta totur sai wutar ta yi ƙasa, alhali a bakin kwana ne ake sassautawa. Don haka sai da aka sa masa ƙaramin batir da na'urar da ke daidaita wutar injin ta caje shi.

Filasha ita ta fi ba ni sha'awa, domin darasinmu na kimiyya ne na gani da idona. A cikinta akwai ɗan siririn falle na ƙarfe iri biyu manne da juna. Wuta na ratsa shi sai ya yi zafi, ɗaya ya fi ɗaya miƙewa, fallen ya lanƙwashe ya yanke wutar. Da ya huce sai ya dawo ya haɗa ta. Haka fitila ke ƙyaftawa, tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya. Shi ya sa idan ƙwai ɗaya ya ƙone ƙyaftawar takan canja. Ƙwan LED kuwa ba ya jan wutar da za ta ɗumama fallen, sai an nemo masa filasha irin ta zamani.

Kowace fitila waya ɗaya ce ke kai mata wuta, jikin ƙarfen babur ne ke mayar da ita. Saboda haka mai wayarin ya kankare fenti da tsatsa a gindin kowacce kafin ya ɗaure.

Saura abu ɗaya. Siginar mota takan kashe kanta bayan kwana, ta irin wannan babur ba ta yi. Wanda ya manta ta a kunne zai yaudari direban da ke bayansa. Kawu ya ce ya san halinsa da mantuwa, sai ya sa aka ƙara masa ɗan abu mai ƙara, yana ta kuka har sai an kashe makunnin.