Gajiya da godiya: yadda ake faɗar wahalar aiki a ɗakunan gwaje-gwaje na jami'a a Damagaram

1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba yadda za a tambayi ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje game da jin daɗin aikinsu da wahalarsa, in da Hausa za a yi tambayar. Jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a shekara ta 2010 kuma take ɗauke da sunan André Salifou a yanzu, tana da sassan kimiyya da na kiwon lafiya, saboda haka tana da masu kula da na'urori, masu haɗa sinadarai da masu shirya wa ɗalibai darasin gwaji. Ra'ayinmu shi ne, takardar tambayoyi da aka juyo daga Faransanci kalma da kalma ba za ta gano halin da suke ciki ba, domin harshen kansa ya riga ya tanadi amsar da za su bayar.

2. Abin da masana suka auna

Kalmar « stress » ta bazu ne daga aikin Hans Selye, wanda ya fara bayyana al'amarin a 1936. A 1979 Robert Karasek ya nuna cewa yawan aiki shi kaɗai ba ya karya ma'aikaci. Abin da ke karya shi shi ne aiki mai yawa tare da rashin ikon yanke shawara a kansa. A 1996 Johannes Siegrist ya ƙara ma'auni na biyu, wato rashin daidaito tsakanin ƙoƙarin da mutum ya yi da sakamakon da ya samu, na kuɗi ne, na girmamawa, ko na ƙarin matsayi. Binciken da gidauniyar Wellcome ta Ingila ta fitar a 2020, wanda ya shafi masu bincike sama da 4000, ya sami kashi 70 cikin 100 suna cewa suna cikin matsi a ranar aiki ta yau da kullum. Waɗannan ma'aunai suna da amfani, sai dai duk sun dogara ga abu guda: mutum ya yarda ya faɗa da bakinsa cewa yana shan wuya.

3. Amsar da gaisuwa ta tanada

A duba waɗannan misalai:

(1) Ina gajiya? — Ba gajiya.
(2) Ina aiki? — Aiki da godiya.
(3) Yaya haƙuri? — Haƙuri sai ma'aiki.

A misali na (1), an ambaci gajiya ne domin a musanta ta. A na (2), godiyar ga Allah take, wanda ya ba da hanyar abinci, ba ta nufin an gamsu da albashi ko da shugaba. A na (3), tambayar kanta ta amince akwai wahala, amma amsar ta rufe maganar. In mai bincike ya ce « Ka gaji da aikinka? », kunnen Bahaushe gaisuwa zai ji, kuma da amsar gaisuwa zai mayar. In mai tambayar malami ne da ke gaba da shi, kunya za ta ƙara ɗaure masa baki.

Bayan haka, babu kalma guda ta Hausa da ta ɗauki dukan ma'anar « stress ». Gajiya ta jiki ce, hutu na kawar da ita. Wahala daga waje take zuwa. Damuwa a zuci take zama, tana hana barci. Takura ita ce rashin sarari da rashin iko, kuma ita ce ta fi kusa da abin da Karasek ya auna. Raini, wato a ƙi ganin darajar aikin mutum, shi ya fi kusa da na Siegrist. Ta ɓangaren jin daɗi, kalmar « gamsuwa » ta fi zama a rubuce da gidan rediyo. Ma'aikaci kan auna aikinsa ne da rufin asiri, da kwanciyar hankali, da mutunci.

4. Tushen wahala a nan

Wahalar farko ta wuta ce. Yankin Damagaram, kamar na Maraɗi, ya daɗe yana samun lantarki daga Nijeriya ta layin Katsina. Da aka yanke shi a watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai a 2024 aka maido. A watannin Afrilu da Mayu kuwa zafi kan haura digiri 40. Jini ko sinadarin da ke buƙatar sanyi ba ya jiran a maido da wuta, kuma in ya lalace, mai riƙe da makullin ɗakin ake fara tambaya.

Ta biyu ta ruwa ce, tsohuwar matsalar birnin, wadda ana lissafa ta cikin dalilan da suka sa Turawa suka mayar da babban birni Yamai a 1926. Ɗakin gwaji ba ya tafiya sai da ruwa, ko don wanke kwalabe.

Ta uku ta matsayi ce. Malami yana da tsani bayyananne: hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968 kuma take da mazauni a Wagadugu, tana duba rubuce-rubucensa ta ɗaga shi. Ma'aikacin ɗakin gwaji ba ya hawa wannan tsani, ko da hannunsa ne ya fitar da sakamakon da aka buga. Tun 1989 masanin tarihi Steven Shapin ya nuna yadda aka shafe sunayen mataimakan Robert Boyle a ƙarni na 17. A ƙasar Damagaram abin ya fi ciwo, domin an saba ganin mai sana'a da suna: a zamanin Sarki Tanimun, daga 1851 zuwa 1884, an ƙera igwa a birnin, kuma a masarautun Hausa maƙera da majema suna da sarakunan sana'arsu da fada ta san da su.

5. Yadda ya kamata a yi tambaya

Muna ba da shawara uku. Na farko, a tambayi abin da ya faru maimakon abin da ake ji a zuci: « Sau nawa aka ɗauke wuta makon jiya kana tsakiyar aiki? », « Wa ke yanke shawarar abin da za a sayo? », « An taɓa sa sunanka a takardar da aka buga? » Na biyu, a raba gajiya da takura da raini, kowace da tambayarta. Na uku, mai tambaya kada ya zama shugaban wanda ake tambaya, kuma a gama gaisuwa sarai kafin a buɗe takarda.

6. Kammalawa

Tun da kundin da aka zartar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ana iya tsammanin bincike irin wannan zai yawaita da Hausa. Aikin sashenmu ne ya tanadi kalmomin aunawa tun da wuri. In ba haka ba, za a tara takardu cike da « aiki da godiya », a rubuta cewa kowa na jin daɗi, alhali ƙwararrun da suka san na'urorinmu suna neman wani wurin aiki shiru.