KIN SAYI KWAMFUTA TA HANNU, TO GARANTIN DA SUNAN WA YAKE?

A wannan fitowar na ɗan ajiye zancen kwalliya da girki a gefe, saboda wani abu da ya faru a gidanmu wanda har yau idan na tuna sai raina ya sosu. Amma kada ku damu, samarin ma za su shigo cikin zancen kafin mu rabu.

'Yar yayata ce, tana ajin ƙarshe a jami'a, ga rubutun kundin kammala karatu ya taso, kullum tana hanyar kafe. Ta yi adashe na wata 8, babanta ya cika mata, ta sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu a wurin wan wata ƙawarta. Ranar da ta kawo min ita bakinta har kunne.

"Anti, kin gan ta kamar sabuwa! Kuma ya ce min tana da garantin kamfani na shekara 3."

Na ce, "To Allah ya sanya alheri. Ina rasit?"

Ta ce, "Haba Anti, wan ƙawata ne fa. Ai da kunya in ce ya rubuta min takarda."

Ni ma dai ban matsa ba, kuma nan ne nawa laifin. Ba a yi wata 2 ba fuskar kwamfutar ta fara zane-zane, daga baya ta yi baƙi ƙirin. Muka ɗauke ta sai ofishin gyaran da kamfanin ya amince da shi. Yaron da ke wurin ya juya ta, ya kwafi wata lamba, ya shigar a tasa kwamfutar, sannan ya ɗago ya ce, "Hajiya, garanti kam akwai, saura kwana 19. Sai dai rajistarta tana wata ƙasa da sunan wani mutum. Sai an mayar da ita sunan wannan yarinyar kafin mu taɓa ta kyauta."

Ashe shekara ukun gaskiya ce, amma tun ranar da mai ita na farko ya saye ta aka fara ƙirge. Muka shiga neman wanda ya sayar mata, waya a kashe. Da aka same shi ya ce shi ma a Legas ya saro, bai san mai ita ba. Kafin mu gama kai-kawo kwanakin sun cika. Ƙarshenta sai ɗan kunnen gwal ɗin da kakarta ta ba ta ta sayar aka canza fuskar. Ranar na ga kukan yarinyar nan.

MENE NE GARANTI?

Garanti alƙawari ne da kamfanin da ya ƙera kaya yake yi cewa idan suka lalace da kansu cikin wani ƙayyadadden lokaci zai gyara ko ya canza ba tare da an biya ba. Yawancin sababbin kwamfutoci shekara 1 ake ba su. Waɗanda aka yi domin ma'aikatu, irin su Dell Latitude da HP EliteBook da Lenovo ThinkPad, sau da yawa ana sayensu da na shekara 3. Irin waɗannan su ne suka cika kasuwanninmu, daga Computer Village ta Ikeja har titin Beirut a Kano, ana kiransu 'yan Landan ko tokumbo. Ma'aikatun Turai da Amurka sukan yi aiki da su shekara 3 ko 4 sannan su sayar, don haka mafi yawansu garantinsu ya ƙare tun kafin su hau jirgi. Wannan ba aibu ba ne idan an faɗa miki gaskiya kuma kuɗin ya yi daidai. Aibun shi ne a ƙara miki kuɗi a kan garantin da babu shi, ko wanda ba za ki iya mora ba.

Kuma ki bambance shi da garantin shago. Wannan alƙawarin mai shago ne shi kaɗai, na mako guda ko biyu, wani har wata guda. Idan bai rubuta a jikin rasit ba, to kin yi cinikin biri a sama.

KAFIN KUƊI YA BAR HANNUNKI

Na farko, ki juya kwamfutar ki duba ƙasanta, za ki ga lambarta. A kayan Dell an rubuta Service Tag, haruffa ne da lambobi guda 7. A HP da Lenovo za ki ga S/N. Ki shiga shafin kamfanin na intanet da wayarki, nan a tsaye a gaban mai sayarwa, ki sa lambar a wurin duba garanti. Zai nuna miki ranar da ya fara da ranar da zai ƙare. Ko minti 5 ba za ki ɓata ba.

Na biyu, ki tabbata lambar da ke waje ita ce a ciki, domin ana iya canza murfin ƙasa. Idan aka kunna kwamfutar, a danna F2 a Dell, F10 a HP, ko F1 a ThinkPad, za ta buɗe wani shafi da ke nuna ainihin lambarta. Idan biyun suka saɓa, ko ta nemi kalmar sirrin da mai sayarwa bai sani ba, ki mayar da kuɗinki jaka ki yi masa sallama.

Na uku, rasit. A rubuta sunanki, da sunan mai sayarwa, da lambar wayarsa, da lambar kwamfutar, da kwanan wata, ya sa hannu. Idan yana da rasit ɗin sayen farko ki karɓa, ko ki ɗauki hotonsa. Ban da wannan ma, idan ta kasance kayan sata ce, wannan 'yar takardar ce za ta tsaya miki a gaban hukuma.

YADDA AKE MAYAR DA SHI SUNANKI

Kowane kamfani da tsarinsa. Dell suna da fom na sauya mallaka a shafinsu, kyauta ne. Za a sa lambar kwamfutar, da bayanin mai ita na da, da sunanki da adireshinki da ƙasar da kike. Yakan ɗauki kwanaki kafin ya tabbata, idan kuma daga wata ƙasa aka shigo da ita yana iya kai mako 2 ko fiye, sannan irin hidimar da za ki samu ta danganta da wadda suke yi a ƙasarki. Shi ya sa ake cike shi ranar da aka yi ciniki, tun mai sayarwa yana miki dariya yana ɗaga wayarki.

A HP da Lenovo garantin asali yakan bi lambar kwamfutar ne, duk hannun da ta shiga. Amma idan mai ita na farko ya sayi ƙarin shekaru, kamar abin da HP ke kira Care Pack, to a nemi kamfanin ya gyara rajistar. Ki kuma tambaya ko garantin yana aiki a ƙasar da kike, domin akwai wanda iyakarsa ƙasar da aka saya. Wasu kamfanonin ma sharaɗinsu shi ne na mai sayen farko ne kawai.

Ita kuwa MacBook ta kamfanin Apple, garantinta na shekara 1 yana bin ta. Ƙarin da ake kira AppleCare ana iya mayar miki da shi idan an biya kuɗinsa gaba ɗaya tun farko, ban da wanda ake biya wata-wata. Babban haɗarinta shi ne kulle. Yawancin waɗanda aka ƙera daga 2018 zuwa yau suna ɗaure da asusun iCloud na mai su. Idan bai fita daga asusunsa ya kashe Find My a gabanki ba, ranar da aka goge ta ba za ta buɗu ba sai da kalmar sirrinsa.

KE KUMA DA SAURAYI YA KAWO MIKI KYAUTA

To 'yan mata, ga inda na ce samari za su shigo. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, kyautar kwamfuta ta shiga sahun agogo da turare. Da farko dai kada ki karɓi kaya mai tsada irin wannan sai da sanin iyayenki. Idan sun amince, ki gode, sannan cikin ladabi ki ce a sa rasit da rajista da sunanki, a buɗe ta da imel ɗinki, ke ki zaɓi kalmar sirri. Muna fatan soyayya ta kai ga aure, amma mun sha ganin an ɓata. Yaya za ki ji ranar da kwamfutar da duk karatunki da hotunanki ke ciki ta kulle, kuma mabuɗin yana hannun wanda kuka rabu baram-baram? Namijin kirki ba zai ji haushin wannan roƙon ba. Wanda kuwa ya dage lallai sai asusunsa ne zai zauna a ciki, ki tambayi kanki dalili.

ABIN DA GARANTI BA YA ƊAUKA

Ko an mayar da shi sunanki, garantin asali bai shafi shayin da ya zube a madannai ba, ko faɗuwa daga kan gado, ko ƙonewa idan an kawo wuta da ƙarfi, ko ɓarnar da mai gyaran bakin titi ya yi. Batir kuwa yawanci shekara 1 ce tasa, ko da na kwamfutar 3 ne. Don haka a kula da ƙannen nan masu ƙiriniya, a kuma riƙa zare caja idan an ɗauke wuta.

Daga ƙarshe, kunyar nan da ta ci 'yar yayata ita nake so ku ajiye a wurin ciniki. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaida a ciniki take magana. Neman takarda ba zargin kowa ba ne, shi ke sa zumunci ya ɗore. Yarinyar dai ta gama kundinta lafiya, kuma yanzu ko fitilar caji ta saya sai ta ce a ba ta rasit.

Allah ya ba ku sa'ar karatu, ya haɗa ku da mazaje nagari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah ya kai mu.