"Ya ƙare, amma muna da irinsa": haƙƙinka idan ka biya kuɗin kaya ta intanet

Da zarar watan Nuwamba ya kama, sai wayoyinmu su cika da tallar rangwame a Facebook da WhatsApp da Instagram: na'urar awon hawan jini a rabin kuɗi, na'urar gwajin sukari "saura guda biyar". Ka tura kuɗi, bayan kwana biyu a ce maka kayan ya ƙare. Daga nan sai ɗayan biyu, ko ka yi ciko ka karɓi wani samfuri, ko ka jira "kaya na hanya". Mu mutanen Jalingo jiran ya fi yi mana tsawo, domin da yawa daga cikin dillalan nan a Legas ko Kano suke.

Mai karatu, ba alfarma kake roƙo ba idan ka ce a dawo maka da kuɗinka. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, kuma ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta haramta tallar yaudara, ta hana a karɓi fiye da farashin da aka nuna, ta kuma ce kayan da aka sayar bisa bayani ko hoto dole ya dace da abin da aka bayyana. In an kawo maka wani daban, kana da ikon mayarwa ka karɓi kuɗinka cif. Rubuta "ba a mayar da kuɗi" a shafin dillali bai soke wannan ba.

Kaya na iya ƙarewa da gaske, wannan kasuwa ce. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne dillali ya ci gaba da tallar abin da ya san babu, ko ya riƙe kuɗinka don tilasta maka sayen mai tsada.

Inda abin ya fi damuna a matsayina na mai harhaɗa magunguna shi ne kalmar "irinsa". A atamfa ko takalmi, irinsa na iya wucewa. A kayan lafiya kuwa, tsinken gwajin sukari na wani kamfani ba ya aiki a na'urar wani, ko da sun yi kama. Na'urar awon jini ta wuyan hannu ba daidai take da ta damtse ba, kuma idan maɗaurin ya yi wa mai ƙiba kaɗan, awon zai nuna sama da gaskiya. Amlodipine mai 5mg da mai 10mg sunansu ɗaya, ƙarfinsu ninki ne. Nifedipine mai narkewa a hankali da mai saurin aiki ma ba a musanya su haka kawai. Wanda ke amsa saƙo a WhatsApp ba shi da hurumin canza abin da likita ya rubuta wa mahaifiyarka. Kuma kada ta yi fashin magani don ana jiran kayan rangwame. Hawan jini ba ya jiran motar Legas. A saya a kantin magani na gari, a bi kuɗin daga baya.

Ajiye hoton tallar tun kafin a goge ta, da shaidar biya, da duk hirarku. Rubuta wa dillali a fili cewa ba ka son madadi, kuɗinka kake so, ka sa masa rana. In ya ƙi, kai ƙorafi ta shafin FCCPC na intanet tare da waɗannan shaidu. In kuwa ya toshe lambarka, to abin ya zama damfara: sanar da bankinka da 'yan sanda nan take.

Kafin ka biya kuɗin magani, tambayi ko kantin na da rajistar hukumar PCN, wadda ke sa ido kan kantunan magani har da na intanet, sannan ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Inda ake karɓar kuɗi sai an kawo kaya, zaɓi hakan. Insulin kam, ko an ce akwai, ban ba ka shawarar a auno maka shi daga nesa ba: ana ajiye shi ne a sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma bayan mota a zafin Taraba ba firji ba ne.