YADDA AKE ZAƁEN MAƊAUKIN KEKUNA NA BAYAN MOTA

A ƙasarmu ta Taba da kewaye, daga Ikara zuwa Makarfi har Kudan, keke shi ne dokin talaka. Da shi manomi yake fitar da tumatir da barkono zuwa bakin titi, da shi mai rake yake kai dami kasuwa, da shi mai bishara yake zagaya ƙauyuka ran Lahadi, da shi kuma ɗalibai da yawa suke zuwa makaranta. Amma akwai ranar da shi kansa keken yake bukatar a ɗauke shi. Ga ranar da aka rufe makaranta iyaye suka zo kwasar yara da kayansu. Ga ranar da ikilisiya ta sayo sababbin kekuna daga Zariya ko Kano domin raba wa masu bishara. Ga kuma lokacin taron matasa a wani gari mai nisa.

A irin waɗannan ranaku ne kekuna da yawa suke lalacewa. Ana jefa su a kan buhuna, ana danne su da akwatuna, a sauke su wili ya lanƙwashe, feda ta karye. Abin da ya fi wannan muni shi ne keke ya kwance a kan babbar hanya, ya faɗo gaban motar da take biye. Saboda haka muka ga ya kyautu mu yi wa masu karatu bayani a kan ƙarfen da ake maƙalawa a bayan mota domin ɗaukar kekuna, da abubuwan da za a duba kafin a saya ko a ba mai walda ya ƙera.

HANYOYI UKU NA ƊAUKAR KEKE

Hanya ta fari ita ce a sa keke cikin mota. Wanda yake da a-kori-kura, irin Peugeot 504 ɗin da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ko Toyota Hilux, ba shi da damuwa sosai. Sai dai ya tsayar da kekunan, ya ɗaure su, kada ya kwantar da wani a kan wani. Ƙaramar mota kuwa but ɗinta ba ya cin babban keke sai an cire tayar gaba.

Hanya ta biyu ita ce kariyar saman mota, wadda muka fi sabawa da ita a tasha. Tana ɗaukar kaya da yawa, amma ɗaga keke zuwa sama aiki ne na mutum biyu. Iska kuma tana dukan kayan, mota ta ƙara shan mai. Nauyi a sama yana sa mota tangaɗi a kwana, ga rassan itatuwa da wayoyin lantarki da suke ƙasa-ƙasa a cikin gari.

Hanya ta uku ita ce maɗaukin da ake sawa a ƙugiyar jan tirela ta bayan mota. Keke yana zama kusa da ƙasa, mutum ɗaya yana iya ɗora shi, jikin motar kuma yana tare masa yawancin iska. A Turai da Amurka wannan hanya ta yaɗu ƙwarai, akwai ma kamfanoni da suka yi suna a kanta, irin su Thule na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa a 1942. A kan wannan hanya ta uku za mu tsaya.

DUBA ƘUGIYAR TUKUNA

Kafin a yi maganar maɗauki, sai a durƙusa a leƙa ƙarƙashin bayan motar. Ƙugiya iri biyu ce. Motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda muke kira na Beljiyam, da yawansu suna zuwa da wani ƙarfe mai lanƙwasa wanda kansa yake kamar ƙwallo. Kaurin ƙwallon milimita 50 ne, kuma maɗaukin da aka yi dominsa yana damƙe shi ne kamar yadda hannu yake damƙe lemo. Motocin Amurka kuwa suna zuwa da bututu mai kusurwa huɗu, faɗin bakinsa inci 2 ko inci ɗaya da kwata. Ana zura sandar maɗaukin a ciki, a soke ta da ƙusa mai kauri, a kulle ƙusar da fil. Maɗaukin ƙwallo ba ya shiga bututu, na bututu kuma ba ya kama ƙwallo. Wanda ya sayi kaya bai auna ba ya zubar da kuɗinsa.

Abu na biyu, a ga inda aka ɗaure ƙugiyar. Dole ta zama a jikin shasi, wato ƙashin bayan mota, da manyan notuna. Bamba ba wurin ɗaura nauyi ba ne. A yawancin motocin zamani roba ce kawai aka yi wa fenti. In an ga tsatsa ta ci wurin da notunan suke, ko an ga tsaga a walda, sai a kai wa makanike kafin a rataya ko da keken yaro.

LISSAFIN NAUYI

Kowace ƙugiya tana da adadi biyu: nauyin da za ta iya ja, da nauyin da za ta iya ɗauka yana danna ta ƙasa. Na biyun ne ya shafe mu, kuma ƙarami ne ƙwarai in an gwada shi da na farkon. Ana rubuta shi a littafin motar ko a wani ɗan faranti da yake manne a jikin ƙugiyar. A ƙananan motocin Turai yakan kama daga kilo 50 zuwa 75, manya kuma sukan kai 100. Ƙugiyar Amurka mafi ƙanƙanta tana ɗaukar kimanin kilo 90.

To, bari mu yi lissafi irin na aji ɗaya. A ce ƙugiya tana ɗaukar kilo 75, maɗaukin kansa kuma kilo 15 ne. Saura kilo 60 ke nan na kekuna. A nan ne ya kamata mu yi hattara, domin kekunanmu ba irin na tsere ba ne da Turawa suke ɗauka da hannu ɗaya. Babban keken ƙarfe mai birkin sanda, irin Raleigh ko Phoenix na ƙasar Sin ko Hero na Indiya, yakan kai wajen kilo 20, balle in an ƙara masa kariya mai kauri ta ɗaukar buhu. Kekuna uku sun cika kilo 60 daidai, ko da kwalin maɗaukin ya ce na kekuna huɗu ne. Wanda yake shakka sai ya kai kekensa wurin masu awon hatsi a ɗora a sikeli.

DARASI DAGA AJIN KIMIYYA

Nauyi kaɗai bai gama labarin ba. 'Yan aji huɗu za su tuna da darasin da muka yi a kan sandar ɗaga dutse: ƙarfin da kaya yake yi a kan maƙallinsa shi ne nauyinsa sau nisansa daga maƙallin. Kowa ya gwada riƙe bokitin ruwa kusa da jikinsa, sa'an nan ya miƙe hannu da shi, ya san wannan ko bai shiga aji ba.

Mu ɗauka kekuna huɗu suna jere a bayan mota, kowanne kilo 20. Na fari yana nisan santimita 30 daga ƙugiya, na biyu 50, na uku 70, na huɗu 90. In aka ɗora biyun farko kaɗai, lissafi ya ba mu 6 da 10, jimla 16. In aka ƙara sauran biyun, za a ƙara 14 da 18, jimla ta zama 48. Ashe ninka kekuna sau biyu ya ninka wahalar notuna da walda sau uku. Wannan kuma mota tana tsaye ne. Duk lokacin da taya ta faɗa rami, kayan suna tashi su faɗo, ƙarfin ya ƙaru a cikin ƙiftawar ido. Ƙarfe ba ya karyewa rana ɗaya. Yana lanƙwasa kaɗan-kaɗan sau dubbai, tsaga ta fara, wata rana ta ƙarasa.

Daga wannan darasi mun sami ƙa'idodi uku. Keke mafi nauyi shi ne zai zauna kusa da mota. Maɗauki gajere ya fi dogo aminci. Wanda kuma zai sauka daga kwalta ya bi burji da gargada irin na ƙauyukanmu, musamman da damina, kada ya cika lissafinsa har baki. In lissafi ya ce uku, ya ɗauki biyu.

MAƊAUKI IRI BIYU

Akwai mai rataya, akwai mai faranti. Mai rataya sanda ce a tsaye da hannuwa biyu, ana rataya keke a kansu ta sandarsa ta sama. Ba shi da nauyi, ba shi da tsada, kuma ya dace da keken maza mai miƙaƙƙiyar sanda. Aibinsa shi ne kekuna suna lilo, suna gogar juna, fenti ya kwaye. Keken mata da na yara kuma ba sa ratayuwa daidai sai an sa musu wata sanda ta aro tsakanin sirdi da wuyan keke.

Mai faranti yana da kwaroro wanda tayoyin keke suke zama a ciki, da hannu mai riƙe firam. Keke yana tsaye kamar yana ƙasa, ba ya lilo, kuma kowane irin keke yana hawa. Amma ya fi nauyi, wani yakan wuce kilo 20, wato ya cinye rabon keke guda a lissafinmu. Ya fi tsada, ya kuma fi fitowa baya, saboda haka yakan daki ƙasa in mota ta gangara rafi ko ta hau tudun rage gudu. A zaɓi wanda sandarsa take ɗagowa sama bayan ta fito daga ƙugiya. A kuma auna tsawon keken daga taya zuwa taya, domin manyan kekunanmu masu taya inci 28 dogaye ne. Wasu maɗaukan suna kwantawa baya a buɗe but ba tare da an sauke kekuna ba. Wannan yana da amfani ga mai doguwar tafiya.

IN ZA A BA MAI WALDA

Na kanti ba ko'ina ake samunsa ba, don haka mutane da yawa za su nufi masu walda, kuma akwai gwanaye a cikinsu. Sai dai a zauna da shi a yi bayani dalla-dalla. Ya yi amfani da bututun ƙarfe mai kaurin jiki, ba irin na ƙafar kujera ba. Ya sa ƙarfen tokara a kowace kusurwa. Maɗaukin ya zama mai cirewa, a ɗaure shi da ƙusa ko noti, kada a yi masa walda a jikin mota. A naɗe duk inda zai taɓa keke da tsohon tif. In ya gama, a auna shi a sikeli, a gwada shi da buhunan yashi a gajeruwar hanya kafin a ba shi amanar kekunan ikilisiya. Araha ba ta ado, kuma ƙarfen da ya karye a tsakiyar hanyar Zariya zuwa Kano ba mai motar kaɗai yake cuta ba.

ƊAUREWA DA TAFIYA

A cire duk abin da zai iya faɗuwa daga jikin keke: famfo, fitila, kwando. A jera kekuna kai da ƙafa, kan wannan yana wajen sirdin wancan, a sa tsumma ko kwali tsakaninsu. A ɗaure kowanne a wuri biyu aƙalla, a kame tayar gaba kada ta riƙa juyawa, sa'an nan a zagaye su duka da igiya ɗaya mai ƙarfi zuwa jikin maɗaukin. Robar tif tana da kyau wajen hana motsi, amma rana tana cinta, kada a dogara gare ta ita kaɗai.

A lura da bakin salansa. Hayaƙi mai zafi yana iya narkar da tayar da take kusa da shi. A lura kuma da lambar mota da fitilun baya. In kekuna sun rufe wutar birki da ta nuna kwana, direban da yake biye ba zai san za a tsaya ba. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗura, wadda aka kafa a 1988, suna da ikon tsayar da motar da ta ɗauki kaya ta hanyar da za ta jawo haɗari. Maɗaukan Turai da yawa suna zuwa da fitilunsu da wurin sa lamba saboda wannan dalili.

Bayan an yi tafiyar kilomita kaɗan, a tsaya a girgiza kayan, a ƙara ɗaure abin da ya saki. A sake yin haka duk inda aka tsaya shan mai. Direba ya tuna motarsa ta ƙara tsawo in zai yi baya, ya kuma rage gudu, domin nauyin baya yana sa gaban mota ya yi sakayau. In an tsaya a tasha ko kasuwa, a sa kwaɗo. In an isa, a share ƙura daga sarƙa, a sa mata mai.

KAMMALAWA

Keken da ke hannun mai bishara sau da yawa baikon mutane ne, waɗansu sun ba da mudun dawa, waɗansu ribar mazarƙwaila. Keken ɗalibi kuma guminsa iyaye ne suka sha. Kula da irin wannan kaya yana cikin riƙon amana. Don haka a duba ƙugiya, a yi lissafin nauyi, a ɗaure da kyau, a tsaya a sake dubawa. Rigakafi ya fi magani. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu a wannan hutu, ya dawo da mu zango mai zuwa lafiya. Amin.