Shirin Musamman: Da Zaki Ya Bar Daji, Wa Ya Gaje Shi?

 

Ku tambayi dattawan garin Hunkuyi, za su gaya muku a da kukan kura ne ke kora yara ɗaka bayan isha'i. Yau gona ta cinye dawa. Mai neman daji na sosai sai ya tsallaka zuwa dajin Falgore a jihar Kano. Zaki kuwa, binciken ƙungiyar Panthera na 2014 ya nuna kimanin 400 suka rage a duk Afirka ta Yamma. Namu na Najeriya a lokacin ba su kai 50 ba, a Yankari da Kainji.

Wani zai ce ai makiyayi ya huta. Haka ne, kuma ba mai raina asarar saniya. Amma Bahaushe ya ce tsoro na daji, kuma tsoron nan aiki yake yi. Gwankin da ya san akwai zaki ba ya shantakewa a bakin rafi. Ya kurɓa, ya ɗago kai, kunnuwa a miƙe, ya sake kurɓa, ya yi gaba. Da haka tsiron bakin ruwa ke samun sararin girma. Zaki kuma ya fi samun gurgu da tsoho da mai ciwo, masu ƙarfi su rage su hayayyafa.

A Ghana an ga abin da rashin zaki ke jawowa. Da zaki da damisa suka yi ƙaranci a gandun dajinsu, gwaggon biri ya ninka, ya faɗa gonaki, har wasu iyaye suka hana yara zuwa makaranta don gadi. Wanda ya taɓa gadin masara ya san halin biri: ya karya goyo, ya gatsa sau ɗaya, ya yar, ya karya wani.

Ita kura, mun cika yi mata rashin adalci. A Mekele ta ƙasar Habasha, binciken 2021 ya gano kuraye na cinye kimanin tan 200 na mushe da sharar yanka duk shekara, abin da ke rage cutar saifa da tarin fuka a dabbobi da mutane. A nan wajenmu aikin ya koma kan karnuka da ungulu, ita ma ungulun masu tallar magani sun sa ta gaba.