Bayan Sauka, Wa Ke Riƙe da Matashi?

A Surko da sauran garuruwan Birnin Kudu da Gwaram, da wuya ka sami yaron da bai taɓa riƙe allo ba. Da babbaƙu da farfaru yake farawa, ya tashi daga kolo ya zama titibiri, in Allah ya ba shi juriya ya kai gardi. A wannan tafiya ba karatu kaɗai yake kwasa ba. Yana koyon tashi da asuba ko da hunturu na kaɗawa, da zama wuri guda har ya iya karatunsa, da haƙurin jiran malam ya yarda kafin ya wanke allo. Wannan horo ne na mallakar zuciya, kuma shi ne jarin da matashi ya fi bukata.

Salla da azumi ma haka suke aiki. Salloli biyar suna tsara wa yaro yininsa, ya san lokaci yana da haƙƙi. Azumi kuwa yana koya masa barin abin da ransa ke so alhali babu mai ganinsa sai Allah. Wanda ya iya barin ruwa a zafin bazara, ya san yadda zai ce a'a ranar da aboki ya miƙo masa ƙwaya.

Ranar kuwa tana zuwa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a 2019, ya nuna 'yan Najeriya kimanin miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Doka tana iya rufe shago, amma tsoron Allah ne ke tsare yaro a inda jami'in hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ba ya zuwa.

Inda muke sakaci shi ne bayan sauka. Ana walima, a ci a sha, sai a saki yaro daidai shekarun da ya fi bukatar riƙo. Damina na wucewa aikin gona ya ƙare, wasu su tafi cirani Kano ko Legas, saura su tare a majalisa da waya a hannu. A watan azumi masallatai sukan cika da samari wajen tafsiri da asham da tahajjud, amma bayan salla sai sahu ya koma na dattawa.

Akwai abin koyi. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986, tana sa matasa maza da mata tilawa shekara guda cur, domin suna da abin da suke hange da malamin da ke bibiyarsu. Waɗannan biyun ne suka yi ƙaranci a unguwanninmu.

Don haka limamai su buɗe karatun littattafai na samari tsakanin magariba da lisha, duk shekara. Masu unguwanni da masu hali su haɗa kowane mai sauka da uban gidan sana'a, ɗinki ko kafinta ko noman rani, domin wa'azi ba ya zama a zuciyar wanda zaman banza ya cinye. Uba kuma ya tashi ɗansa da asuba su tafi masallaci tare.