Kotun Landan da Ake Biyan Haya da Ƙusoshi

Yau shirin namu ya leƙa titin Strand a birnin Landan, inda wani katafaren gini na farin dutse yake tsaye. Baƙo in ya hango shi sai ya ɗauka majami'a ce. Kotu ce, Royal Courts of Justice, mazaunin Babbar Kotu da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila da Wales. Sarauniya Victoria ce ta buɗe shi ranar 4 ga Disamba, 1882. George Edmund Street da ya zana shi bai ga ranar ba, ya rasu a 1881.

To, ga abin da ya fi ɗaukar hankalina. Kowace shekara, a cikin wannan gini, hukumar tsohon birnin Landan takan kawo wa Sarki hayar filaye biyu. Da me take biya? Ku kasa kunne. Wuƙa biyu, ɗaya mai kaifi, ɗaya dakusasshiya. Takalman doki na ƙarfe guda shida. Sai ƙusa 61. Ƙusa 61, jama'a! Wuƙaƙen hayar wani fili ne a Shropshire, al'adar tana rubuce tun 1211. Takalman da ƙusoshin kuwa hayar wata maƙera ce a nan kusa, tun 1235. Maƙerar ta ɓace tuntuni, amma haya tana nan. Wani alƙali mai sarautar tuna wa Sarki basussukansa shi ke karɓa. A gabansa ake gwada wuƙaƙen a jikin sanda, a ƙirga ƙusoshin, sannan a adana takalman nan, baɗi su ɗin dai za a sake kawowa. Wallahi wannan riƙon tarihi ya burge ni.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kafin a aza harsashin wannan gida na adalci, gidajen talakawa kusan 450 aka rushe, aka tashi mutane fiye da 4,000. Ana tuna ƙusa 61, su kuwa ba a cika ambatonsu ba.

Lokaci na hararar mu. A gurguje: ana cikin aiki magina suka shiga yajin aiki, aka ɗauko wasu daga Jamus, a cikin ginin suke ci suke kwana. Ɗakunansa sun haura 1,000. Duk wanda Allah ya kai Landan, a ranakun aiki shiga kyauta ce, har ya zauna ya saurari shari'a. Mu kwana nan.